MURAR DA BA TA ƘAREWA

Jawabin da likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya yi wa jama'a a taron wata-wata na ƙungiyarmu a Sabo, Badun.

 

Abin da aka ce in yi magana a kansa yau shi ne murar nan da ba ta ƙarewa. Mutum ya tashi da asuba ya jera atishawa goma, hanci na zubar ruwa fari kamar famfo, ido na ƙaiƙayi, maƙogwaro na ƙaiƙayi, da dare kuma hanci ya toshe sai da baki yake numfashi. To jama'a, mura ta gaskiya kwana 7 zuwa 10 take yi ta tafi. Wadda ta yi wata da watanni, babu zazzaɓi, yawanci ba mura ba ce. Mu likitoci muna ce mata alaji, dangin borin jini ce, sai dai ita a hanci take fita. Jiki ne yake ɗaukar wani abu marar cutarwa tamkar abokin gāba, ya yi ta yaƙi da shi. Kuma tana bin jini, shi ya sa za ku ga gida ɗaya uba na da ita, ɗa na da asma.

Da yawa cikinku kan ce mini, "Likita, a gida ban san wannan ciwo ba, sai da na zo Kurmi." Akwai dalili. A shekarar 1964 wasu masana a ƙasar Holan suka gano cewa cikin ƙurar ɗaki akwai wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani, bai kai rabin milimita ba. Yana zaune a katifa da matashin kai da kafet, yana cin ɓarɓashin fatar mutum, kashinsa kuma shi ne ke tayar da hanci. Wannan ƙwaro ba ya shan ruwa, daga laimar iska yake samu. Busasshiyar iskar arewa tana rage shi, nan kuwa damina doguwa ce, ɗakunanmu ga matsi ga rashin taga. Ku haɗa da funfunar bango da kyankyaso, su ma suna tayar da ita. Hayaƙin tsire, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da ƙurar hunturu kuwa, ƙara rura wutar suke yi.

In ka zo wurinmu, rabin aikin tambaya ce. Yaushe take tashi, da shara ko da kwanciya? A shago ko a gida? In ka je ganin gida tana lafawa? Sannan mu haska cikin hanci, wani lokaci da siririn madubi mai fitila, mu duba ko tsiro ya fito. In da bukata a yi gwajin fata: a ɗiga abubuwan da ake zargi a hannu, a ɗan tsikara, cikin minti 15 zuwa 20 wanda jiki ba ya so zai yi ƙurji kamar cizon sauro. Akwai kuma gwajin jini. Asibitin koyarwa na nan Badun, UCH, yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, haka ma LUTH a Idi-Araba can Ikko.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don abubuwa huɗu ne suke cutar mutanenmu fiye da ciwon kansa.

Na ɗaya, kafso. Alaji ba ƙwayar cuta ba ce, kafso ba ya mata komai, asarar kuɗi ce kawai, ranar da ake bukatarsa kuma ya ƙi aiki.

Na biyu, maganin ɗigawa a hanci irin su Otrivin. Yana buɗe hanci nan take, shi ya sa ake sonsa. Amma in an wuce mako guda ana sa shi, hancin sai ya koma toshewa fiye da da, mutum ya zama ba ya barci sai da kwalba a ƙarƙashin matashi.

Na uku, Piriton. Yana aiki, amma yana sa gyangyaɗi. Direbobinmu masu ɗaukar goro da shanu, da yaranmu 'yan acaɓa, don Allah kada ku sha shi ku hau titi. Akwai loratadin, ƙwaya ɗaya a yini, wanda bai cika sa barci ba.

Na huɗu, cire belu. Ina girmama wanzamai, sana'ar iyaye da kakanni ce. Amma ƙaiƙayin maƙogwaron nan da tarin dare, majinar da ke gangarowa ta bayan hanci ce ke kawo su, belu ba shi da laifi. An cire shi ciwo na nan, ga haɗarin zubar jini, ga sarƙewar haƙora, ga ciwon hanta in aska ta taɓa wani.

To mene ne magani? Farko a rage abokin gāba. A riƙa fitar da katifa da matashi rana, a wanke zanen gado da ruwan zafi duk mako, a goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗe ƙura, a buɗe taga, a rufe abinci saboda kyankyaso. Sannan a wanke hanci da ruwan gishiri: ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Mu da muke shaƙa ruwa a alwala, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. In ciwon ya yi ƙarfi, likita zai rubuta maganin feshi a hanci wanda ke kwantar da kumburi. Shi ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, kuma kullum ake fesawa. Masu yar da shi bayan kwana biyu su ce ba ya ci, haƙuri ne ya gaza. A karkata bakin kwalbar wajen kunne, ba wajen tsakiyar hanci ba, don kada a yi haɓo.

Iyaye mata, yaron da ke kwana baki buɗe yana minshari, ko aka kira shi ba ya ji sai an ɗaga murya, a kawo shi. Ruwa kan taru a bayan dodon kunne, malami ya yi ta dukansa a kan rashin ji alhali ciwo ne. Haka yaron da hancinsa gefe ɗaya ke wari, galibi wake ko gyaɗa ya cusa. Babba kuma in gefe ɗaya ya toshe ana ganin jini, kada ya jira. Wanda kuwa ya ci wani abu ko ya sha magani leɓe da harshe suka kumbura, numfashi na sarƙewa, a ruga da shi asibiti a lokacin, ba a jiran gari ya waye.

Alaji ba ta cika rabuwa da mutum ba, amma wanda ya san abin da ke tayar masa da ita zai yi barcinsa, ya yi kasuwarsa lafiya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.