Juya Haruffa a Rubutun Yara Ƙanana: Yaushe Ne Ya Zama Abin Damuwa?



Duk wanda ya taɓa riƙe aji ɗaya na firamare ya saba ganin yaron da zai tashi rubuta "baba" ya rubuta "dada", ko lamba 3 ta juya baya, wani lokacin ma sunansa ɗungurungum ya fito daga dama zuwa hagu. A da, bulala ce maganin. Yanzu kuma, musamman a makarantun kuɗi na birane, an samo kalmar disleksiya, wato larurar wahalar koyon karatu, ana liƙa wa yaro tun bai cika shekara 6 ba. Abin da wannan takarda ke son tabbatarwa shi ne juya harafi shi kaɗai ba ya nuna cewa yaro na da wannan larura, kuma zura ido a kansa yana sa mu kasa ganin yaran da ke da ita da gaske.

Bari mu fara da dalilin juyawar. Tun yaro na goye, ƙwaƙwalwarsa ta koyi cewa abu ba ya sauya suna don ya sauya fuska. Buta buta ce, ko bakinta ya kalli gabas ko ya kalli yamma. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, ya yi bayanin cewa koyon karatu yana tilasta wa yaro ya warware wannan sabo, domin a rubutu ne ake ce masa sanda mai ciki a dama "b" ce, mai ciki a hagu kuma "d". Warwarewar kan ɗauki lokaci. Shi ya sa ake yawan ganin juyin tsakanin shekara 4 zuwa 7, sannan ya ragu da kansa yayin da hannu da ido suka saba.

Ɗan Bahaushe kuwa nauyinsa ya fi na ɗan Ingila. Ɗan Ingila b da d kawai yake fama da su tare da p da q. Namu yana da b, d, ɓ da ɗ, haruffa huɗu masu kama da juna, kuma kowanne yana sauya ma'ana: "bari" daban, "ɓari" daban, "dari" daban, "ɗari" daban. Ga shi kuma da safe yana jan fensir daga hagu zuwa dama a boko, da yamma yana jan alƙalami daga dama zuwa hagu a allo ko Islamiyya. A ganina, yaro ɗan shekara 5 da yake ɗauke da tsarin rubutu biyu masu saɓanin alƙibla ya cancanci yabo da haƙuri, ko da ya haɗa su a shafi ɗaya.

To daga ina aka samo ra'ayin cewa juya harafi shi ne disleksiya? Yana da tarihi. Likitan ido na Jamus, Rudolf Berlin, ya yi amfani da sunan a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa koyon karatu. Sai a 1925 likitan Amurka Samuel Orton ya ɗora alhakin a kan ruɗewar alamomi a ƙwaƙwalwa, kuma ra'ayinsa ya yi tasiri shekaru da dama. Amma a shekarun 1970 wani mai bincike, Frank Vellutino, ya nuna wa yara haruffan Ibrananci, waɗanda ba su taɓa sani ba, ya ce su kwaikwaya. Masu wahalar karatu suka yi daidai da takwarorinsu. Ashe idonsu lafiya lau yake. Tun daga nan akasarin masana suka karkata ga cewa tushen matsalar yana wajen sarrafa sautukan magana da haɗa su da haruffa.

Wannan ya kamata ya sauya abin da malami yake dubawa. Ka tambayi yaro: da wane sauti "kaza" ta fara? In an cire "ka" daga "kasuwa", me ya rage? "Gida" da "gado" farkonsu ɗaya ne? Yaron da yake juya "d" amma yake amsa waɗannan cikin sauƙi, yake kuma haɗa "ta" da "sa" ya karanta "tasa", yana kan hanya. Wanda ya kamata hankalinmu ya tashi a kansa shi ne wanda aka koya masa sautin harafi yau, gobe ya ɓace. Wanda yake canka kalma maimakon karanta ta. Wanda ya kai shekara 8 yana karatu da ƙyar alhali bakinsa da hankalinsa garau, balle in akwai mai irin wannan wahala a danginsa, domin larurar tana bin jini. Irin wannan yaro, sau da yawa rubutunsa ba ya juyawa ko kaɗan. Yana zaune a bayan aji mai cunkoso, an sa masa suna daƙiƙi, har ya gaji ya bar makaranta. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Gyaran juyin kansa ba shi da tsada. Kada a koyar da b da d a mako ɗaya. A nuna wa yaro inda fensir zai fara da inda zai bi, ya zana harafin a kan yashi ko a iska yana furta sautinsa. Bahago a bar shi da hannunsa. Kafin a yanke wa kowane yaro hukunci, a duba ganinsa da jinsa, a kuma tambaya ko an taɓa koya masa sautukan haruffa yadda ya kamata, cikin harshen da yake ji.

Kirana ga kwalejojin ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi shi ne su sa gwajin sautuka na baki cikin horon malaman aji 1 zuwa 3, domin duk yaron da aka gano da wuri a fara taimaka masa kafin ya bar ƙananan azuzuwa.