Kuhe, Babban Yayan Karfasa a Tafkin Tanganyika



Babu wanda bai san karfasa ba a ɗakin nan, ko a komar masunci ko a kaskon mai suya. Yau zan kai ku wajen babban yayanta da ke Tafkin Tanganyika, tafkin da Tanzaniya da Kwango da Burundi da Zambiya suka yi wa zobe. Masuntan Kigoma suna ce masa kuhe, na Zambiya kuma nkupi. Namijin kan kai santimita 90, kiris ya rage ya cika mita guda, macen kuma wajen 75. Jikinsa rawaya ne mai ratsin kore, da ɗigo-ɗigon baƙi a gefe. Tun 1899 George Boulenger ya bayyana shi ga masana a Landan, kuma har gobe a wannan tafki kaɗai ake samunsa.

Zurfin tafkin ya kai mita 1,470. In ban da Baikal na Rasha, babu tafkin da ya fi shi zurfi. Amma daga wajen mita 200 zuwa ƙasa babu iskar da kifi zai shaƙa, don haka duk rayuwa a sama take da kuma gefe-gefe. 'Ya'yan kuhe suna yawo garke-garke a kan yashin gaɓa. In sun kawo ƙarfi sai su nausa ciki, su koma farautar ƙananan kifaye.

Haihuwarsa ita ce abin da nake roƙo ku riƙe. Karfasar da muka fi sani, uwar ce ke guntse ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe. Kuhe ba ya haka. Namiji da mace sukan baro zurfi su zo inda ruwa bai da yawa, su share wuri tsakanin duwatsu, su haƙa ramuka a yashi. Macen ta zuba ƙwai dubbai. Da sun ƙyanƙyashe, sai iyayen su riƙa kwasar su a baki daga wannan rami zuwa wancan. Kwanaki kaɗan sai ka ga 'ya'yan sun taso kamar hayaƙi a saman yashi, uwa a nan, uba a can, suna zagaye su. Ko kififiya ce ta matso, cizo da tunkuɗa za ta sha har sai ta juya.

Masu bincike sun lura cewa a duk tsawon wannan gadi iyayen kusan ba sa cin komai, sai rama suke yi. Shi ya sa wasu masana suke ganin sau ɗaya kuhe ke haihuwa a rayuwarsa.

To, jama'a, ku auna. Wanda ya kama kuhe a kan sheƙarsa, kifi ɗaya zai kai kasuwa, amma dubban marayu ya bar wa maharan ruwa. Komar da ake ja a bakin gaɓa, har da gidan sauron da wasu suka mai da koma, nan take bi ta kwashe ƙanana. Laka kuma tana gangarowa daga tuddan da aka sare wa itatuwa, ta binne duwatsun da ake zuba ƙwai. A 2024 Tanzaniya ta rufe kamun kifi a ɓangarenta na tafkin har wata uku, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Agusta, don kifi ya samu sararin hayayyafa. Masunta sun ji jiki, wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a tallafa musu a irin wannan lokaci.

Roƙona ga ɗalibanmu shi ne, duk ruwan da kuka je yi wa aiki, ku fara tambayar masuntansa inda kifi ke zuba ƙwai da watan da yake zubawa. Su suka san wurin. In aka bar wa iyaye wannan ɗan yanki na gaɓa har su gama reno, koma ba za ta fito wayam ba baɗi.