MOTAR DA BA TA JIN RAMI
Laccar da akawun jam'iyya na reshen Fagam ya yi wa 'yan kasuwa

Na gode da kuka rufe tsinka kuka zo. Ba zan tsare ku ba, don na san akwai masu jiran ciniki.

Jiya a tasha wani yaro ya nuna mini hotunan sababbin motocin Marsandi a wayarsa, jama'a suka taru suna ta salati. Wani dattijo ya ce, "Akawu, kai da ka yi boko, gaya mana, waɗannan na hawa ne ko na kallo?" To, Baba, ga amsarka yau a gaban jama'a.

Kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ne, hedkwatarsa tana birnin Stuttgart. Iri uku zan yi magana a kai. Ta farko mai ƙofa biyu ce, sunanta CLE, an fito da ita a 2023. Cikinta kusa da ƙasa yake, kamar kadangare. Ta biyu ƙanwarta ce mai buɗaɗɗen sama, wadda ta biyo baya a 2024. Ka danna maɓalli, cikin daƙiƙa 20 rufin ya naɗe kansa ya koma baya. Har ma an sa mata abin hura iska mai ɗumi a wuyan kujera, kada sanyin Turai ya kama maigida. Ku ji fa, iska mai ɗumi, a garin da zafin bazara ke hana mu barci a ɗaki!

Waɗannan biyu ba za ku gan su a Fagam ba. Ba don babu mai kuɗin saye a ƙasar nan ba, sai don hanya ba za ta karɓe su ba. Mota ce da aka ƙera don kwalta mai santsi. Ka sauke ta daga babban titin Kano zuwa Maiduguri a Birnin Kudu, ka kai ta hanyar ƙauye da damina, ramin farko zai kwashe mata ciki.

Ta uku ita ce abin maganarmu, wato jif. Babbarsu ita ce G-Class, wadda samari ke kira Ji-wagon. Tun 1979 ake ƙera ta a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, asalinta kuwa don soja da masu aikin daji. A 2024 kuɗinta a Amurka ya haura dala 140,000, ban da kuɗin jirgi da na kwastan. Ƙafafunta huɗu duk suna ja, tana da tsawo, tana shanye rami yadda na ciki ba zai ji komai ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

In ɗan kasuwa ya sayi riɗi da zoɓo ya kai Kano, Allah ya sa masa albarka, ya sayi irin wannan mota da guminsa, babu ruwanmu, sai mu ce Allah ya tsare hanya. Mu ba 'yan hassada ba ne. Tambayarmu ɗaya ce: da kuɗin wa?

A watan Oktoba na 2023 labari ya fito cewa an saya wa 'yan Majalisar Tarayya jif-jif, su 360 a Majalisar Wakilai, 109 a ta Dattawa. Ba Marsandi ba ne, Toyota ce ta Japan, amma dangin dai ɗaya ne. Jaridu suka ce kowace ta 'yan Majalisar Wakilai ta kai wajen naira miliyan 160. Albashi mafi ƙaranci a lokacin naira 30,000 ne a wata. Na zauna da alƙalami na buga lissafi: lebura zai yi shekara 444 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗin guda ɗaya.

A wace shekara aka yi haka? Shekarar da aka cire tallafin mai, ran 29 ga Mayu. Litar fetur da take ƙasa da naira 200 ta haura 600 kafin ƙarshen Yuli, a 2024 kuma ta taɓa 1,000. Ku ne kuka fi kowa sanin abin da ya biyo baya. Kuɗin ɗaukar buhu daga Fagam zuwa Sara ko Gwaram ya tashi, mudu ya bi shi, mai saye ya zage ku, ku kuwa ribar ba ta shiga aljihunku ba.

Da aka yi surutu, hujjar da aka kawo daga majalisar ita ce hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau, sai jif. Jama'a, wa ke zartar da kasafin kuɗin gyaran hanya in ba su ba? Rufin ɗaki yana yoyo, maigida ya sayi laima don kansa, ya bar iyali cikin ruwa.

Bara da damina na hau akori-kura tare da wata gwaggo mai kwandunan tumatir. Muka kafe a laka tun hantsi har la'asar. Muna cikin turi sai ga wata jif baƙa, gilashi a rufe, ta ratsa ta gefenmu ta fesa mana taɓo. Ban ce na ciki mugu ne ba. Bai ji ramin ba ne kawai. Jiki magayi, wanda kuwa jikinsa bai gaya masa ba, yaushe zai gyara? Tumatir ɗin gwaggo rabinsa ya narke.

Ba kullum aka saba haka ba. Dattawa suna tune da cewa a 1975 kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kaduna. Bayan an kashe Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin soja ta mai da Fijo 504 motar manyan ma'aikata. 'Ya'yanmu ne ke haɗa ta, bakanike na kowane gari ya san cikinta, wanda ke bayanta kuma in ta faɗa rami sai kansa ya bugi rufi, ya tuna da mu.

Saboda haka ga roƙona. Ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ko na wace jam'iyya ne, har da tamu, kada ku jefi motarsa, kada ku zage shi, kada kuma ku bi ta da gudu kuna kirari. Ku ba shi tabarma, ku tambaye shi abu uku. Wa ya biya kuɗin motar nan? Mil nawa na hanya ka sa aka gyara a ƙasar Gwaram? Za ka yarda ka hau akori-kura da mu zuwa kasuwa cikin watan Agusta? Ku kawo mini amsarsa ofis in rubuta a littafi, mu karanta masa in ya komo bayan shekara huɗu.

Baba, ka ji amsarka: biyun farko na kallo ne, ta ukun kuwa ta hawa ce, sai dai sau da yawa mu ne muke biya.

Allah ya ba da kasuwa. Ku sauka lafiya.