Baƙin da ke Kwana Tsakanin Kwano da Silin

Yau ina so in yi maka magana a kan waɗansu baƙi da su ke sauka gidanka ba da sallama ba.

In gidanka na kwano ne da silin, to, tsakaninsu akwai wani fili mai duhu wanda ba ka shiga. A Ingila a kan yi shi da girma, har a ajiye kaya ciki. Namu kuwa, ɓera da jemage su ne masu shi, wani lokaci da mujiya. Ka sha jin guje-guje bisa kanka da dare, ka ce, "Ai ɓera ne kurum," ka juya ka koma barci. Kada ka raina shi. Haƙoran ɓera na gaba ba su daina tsiro har ya mutu, don haka kullum sai ya sami abin gwaguya. In ya gwaguyi wayar lantarki, gobara ta yi kusa. A wani ofishi da na yi aikin akawu, takardun shekara guda su ka maishe su gari.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A shekarar 1969 likitoci su ka gano wata cuta a garin Lassa, cikin ƙasar Borno, ita ce a ke kira zazzaɓin Lassa. Wani irin ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke shiga gidaje, shi ke yaɗa ta da fitsarinsa da kashinsa. Kai kuwa ba ka iya duban kashi ka ce na wane ne.

To, yaya za a yi? Mutane da yawa guba su ke fara saya. Ni ban yarda da wannan ba. Ɓera ya ci, ya hau silin ya mutu inda hannu ba ya kai, wari ya hana ka zama ɗaki. In kuwa kyanwa ta cinye shi, ita ma tana iya binsa.

Fara da abinci. Hausawa sun ce, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Zuba hatsi cikin abu mai murfi, kada kwano ya kwana da sauran tuwo. Sa'an nan ka sare reshen darbejiya da ke taɓa rufi, gama shi ne tsaninsu. Zaga gidan da rana, ka duba inda kwano ya sadu da bango. Ƙaramin ɓera ya kan wuce ta kafar da ba ta fi kaurin fensir ba. Toshe ta da siminti ko ragar waya; tsumma da takarda sai ya cinye. Waɗanda su ka rage ciki, ɗana musu tarko da ƙuli-ƙuli a jikin bango, don nan su ke bi.

Kashin da ka tarar, kada ka share shi a bushe, ƙurar ita ce mugun abu. Rufe hanci da baki, sa safar hannu, jiƙa shi da ruwan bilic, watau abin da a ke wanke farin kaya da shi, mudu 1 cikin mudu 9 na ruwa. Bari ya yi minti 5 tukuna ka kwashe.

Jemagu kuwa, jira su fita da magariba kafin ka toshe kafarsu. Amma in akwai 'ya'ya da ba su fara tashi ba, dakata sai sun tashi, kada su mutu ciki. Kada kuma ka kama jemage da hannu.

Mujiya fa, na san abin da a ke faɗi a kanta. Ni dai abin da na sani, ɓeraye ne tuwonta, dare duka tana farauta. In ta sauka a itacen bayan gidanka, ka hana yara jifanta.