Kumburin Jijiyar Ƙafa: Jawabi a Taron Zumuntar Mata



Yau maganarmu a kan jijiyar jini ce da ke kumbura a ƙarƙashin fatar ƙafa. Wurin yakan yi zafi, ya yi ja ko duhu, in an taɓa a ji tauri kamar igiya. Ya fi kama masu ciki, masu jego, da waɗanda jijiyoyinsu suka fito ruɗu-ruɗu.

Jini ne ya daskare a jijiyar, kuma yawanci yana warwarewa cikin mako 2 zuwa 6. A ɗora tsumma mai ruwan ɗumi, a ɗaga ƙafa kan matashi in an kwanta, a riƙa 'yar tafiya. Man shafawa na diclofenac, sau 3 a rana, yana rage zafi, amma ba ya hana gudan jinin yaɗuwa. Kada a shafa kan miki. Mai ciki ta tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

Muna roƙonku, kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin, kada kuma a murza shi.

In taurin ya kai tsawon santimita 5, ko ya kusa matsematsi ko bayan gwiwa, ko ƙafar duka ta kumbura, shafe-shafe bai isa ba, sai maganin tsinka jini a babban asibitin Anka ko Gummi. In numfashi ya yi wuya ko ƙirji na ciwo, wataƙila gudan jinin ya kai huhu. A nemi mota ko da tsakar dare ne, kada a jira ranar kasuwa.