Zafi da sanyi a ramin gas: lacca ga jama'ar Falanko

 

Kowa a zauren nan ya san nisan da mace ke yi yau kafin ta haɗa ɗaurin itace ɗaya a Damargu. Shi ya sa maganar fitar da gas na girki daga kashin dabbobi ta shafe mu kai tsaye. Ana dama kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a zuba a ramin da aka rufe ruf, iska ba ta shiga. A ciki wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ci dagwalon, su saki iskar da kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari nata metan ne, wanda ke kama wuta. Abin ba sabo ba ne: tun 1859 aka gina irin wannan rami a Bombay ta Indiya, kuma a Sakkwato cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kansa.

To, ina zafi ya shigo? Ƙwayoyin da ƙananan ramuka ke dogaro da su sun fi ƙwazo a digiri 35 zuwa 37. Ba mamaki, domin daga tumbin saniya suka fito, inda ɗumi yake kusan digiri 39 dare da rana. Akwai wasu masu son digiri 55. Sun fi sauri, amma sai da injin ɗumama rami da mai kula da shi kullum, don haka mu bar wa manyan masana'antun Turai wannan.

Sau da yawa ana ce mana ƙasarku ai zafi gare ta, gas zai zo a banza. Ban yarda da wannan magana gaba ɗayanta ba. Ma'aikatan ramin, wato ƙwayoyin nan, ƙungiya biyu ne: na farko su mayar da kashin tsami, na biyu su mayar da tsamin gas. Na farkon suna da juriya. Na biyun kuwa ba sa son canji ko kaɗan. Idan daren Janairu ya sauko ƙasa da digiri 15, ramin ya huce, masu yin gas su yi sanyin jiki alhali masu yin tsami suna ta aikinsu. Tsami ya taru, ya ƙara danne masu yin gas. Uwargida ta kunna murhu, harshen wutar da ya saba fitowa shuɗi ya yi ƙasa-ƙasa, ya mutu kafin ruwan tuwo ya tafasa. Maigida ya ga haka ya ƙara zuba kashi, yana zaton yunwa ce, nan kuwa ciwon yake ƙarawa. Maganin a rage zubi na ɗan lokaci, har ramin ya farfaɗo.

Bazara ma da nata. Baƙar jakar roba da wasu ke amfani da ita a maimakon rami, idan aka shimfiɗa ta a fili cikin Afrilu, rana ta haura digiri 40, tana iya kai dagwalon inda ya yi wa ƙwayoyinmu zafi da yawa, dare kuma ya sauke shi. Wannan hawa da sauka ya fi sanyin kansa illa.

Saboda haka ni ina goyon bayan ramin da aka gina a cikin ƙasa, mai rufin bulo. A zurfin mita 2 ɗumin ƙasa ba ya motsi sosai tsakanin dare da rana. A hunturu a lulluɓe kan ramin da karan gero, a dama kashi da azahar da ruwan da ya sha rana, kada a taɓa yi da ruwan da ya kwana a waje.

Roƙona ga magajin gari da duk wani shiri da zai kawo mana waɗannan ramuka: a fara da gidajen da dabbobinsu ke kwana a gida duk shekara kuma rijiya na kusa, domin ƙaramin rami ma yana son kashi kamar kilo 20 da ruwa lita 20 kullum. Kuma kada a yanke hukunci kan aikinsa sai an auna gas ɗin da ya bayar a Disamba da Janairu.