ƘAURA CIKIN ƊARI: SHIRIN DA YA KAMATA MU YI

Jawabin da malamin lakwal ya yi a gaban taron ƙungiyar ƴan Tanda na gida da na waje.



An umurce mu mu yi magana a kan gidajen da ke shirin tashi daga bakin fadama su koma tudu. Maganarmu guda ce: lokacin ɗari shi ne lokacin ƙaura, amma wanda ya tashi ba shiri, ɗarin zai ci masa abin da ruwa ya bari.

Mu fara da kogi. Kowa ya sani kogin Isa sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce ta jan ruwa, a watannin Agusta da Satumba, daga ruwan damina da ƙoramu irin su Sirba masu gangarowa daga Burkina Faso. Ita ce ta yi ɓarna a ƙasarmu a 2012, da 2020, da 2024, shekarar da ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Nijar. Cika ta biyu kuwa ruwan duwatsun ƙasar Gini ne. Yakan daɗe yana shimfiɗe cikin fadamun Mali, ya iso Yamai wajen Disamba zuwa Janairu, sannan ya gangaro mana. Ke nan bangon da jan ruwa ya jiƙa wa gindi, wani ruwan na tafe ya tarar da shi a tsakiyar ɗari, ba ko ɗigon ruwan sama.

Ga shi kuma yanzu an gama girbi, hannuwa sun samu sarari, hanyar amalanke ta bushe, iska tana busar da tubali. Ƙasar Gaya tana cikin wuraren da damina ke fara sauka a Nijar. Wanda ya ce sai zafi ya shigo, ruwan fari zai same shi ba rufi.

Na farko, fili. Kada a aza tubali ko ɗaya sai an san mai wurin. Aro ne, ko kyauta, ko saye, a faɗa a gaban maigari da shaidu, a rubuta. Tun 1993 ƙasarmu take da dokar filayen karkara, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, kuma takardarsu ita ce shaida. Dattawan da suka yi alkawari da baki ba za su dawwama ba, ƴaƴansu ne za su yi shari'a.

Na biyu, ɗaki. A ɗaga gindin gini sama da ƙasa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina ma daga gabas yake tasowa, saboda haka ƙofa ta dubi yamma ko kudu, a kuma kafa zana a gefen iska. Mai son azarar giginya ya nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji tukuna, don kada tara ta cinye kuɗin rufi. Abu mafi girma: kada a kwana a ɗakin da yaɓensa bai bushe ba. Danshin bango da sanyin dare idan suka haɗu, ƙirjin jariri suke kamawa. Yaron da ke tari, yana numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki, a kai shi likita a ranar, kada a jira gobe.

Na uku, jerin tashi. Rumbu ne zai riga kowa. A gina shi bisa duwatsu, a kwashe gero da dawa da shinkafa, a ware iri dabam. Sai turken dabbobi. Sai manyan kaya. Jarirai, masu jego da tsofaffi su ne na ƙarshe, bayan an share ɗaki, an shimfiɗa tabarma, an tanadi bargo da ruwan sha. A tashi da hantsi, rana ta ɗaga. Masu ɗauko kaya a jirgin ruwa kada su fita da asuba cikin hazo, kada kuma su cika shi fiye da ƙima don gudun sawu biyu. Ƴan'uwanmu na Najeriya sun ga babbar ƙaura a 1968, sa'ad da madatsar Kainji ta shanye tsohon garin Busa, aka tayar da fiye da mutum 40,000. Gidaje aka fara ginawa kafin ruwa ya hau. Mu ma haka za mu yi, gwargwadon ƙarfinmu.

Na huɗu, wuta. A nan za mu dakata kaɗan, domin ita ce ta fi kisa. Sabon wuri cike yake da busasshiyar ciyawa, da kara, da zana. A share kewaye kafin a hura murhu, a nisanta madafa da rumbu. Sannan kaskon gawayi: idan aka shigar da shi ɗaki aka toshe ƙofa da taga, garwashin yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. A ji ɗumi da hira, a fitar da kasko waje kafin a kwanta. Iyayenmu mata, wannan amana a hannunku take.

Na biyar, takardu da ƴan lakwal. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, katin rigakafin yara da takardar fili, a haɗa su cikin leda guda, maigida ya riƙe da kansa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan sha wahala ranar jarrabawa. Wanda zai sauya lakwal, uba ya zo ya karɓi takardarsa wurin darakta. A 2024 ambaliya ta sa aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Yaranmu sun yi asarar kwanaki da yawa, kada ƙaura ta ƙara musu. A bar su su ɗauki kaya ranar da ba karatu.

Yanzu gare ku ƴan ci-rani. Kuɗin da ya iso bayan an tare, rabin amfaninsa ya wuce. Ku aiko tun ana buga tubali, ku faɗi abin da za a saya, kwanon rufi ne, ko ƙyaure, ko bargo, ku kuma damƙa wa mutum guda sananne. Wanda bai da kuɗi, ya ba da kwana biyu na ƙarfinsa kafin ya koma.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a zaɓi mutum uku yau, dattijo guda, mace guda, saurayi guda. Su rubuta gidajen da za su tashi, su sa gwauraye da tsofaffi da marayu a gaba, su tsayar da ranakun gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa mu tare lafiya, ya tsare mu daga ruwa da wuta. Iyayenmu, idan akwai gyara muna saurare.